Jan Biro a Kan Takardar Auta

Na rubuta labarin teku sati uku kafin in gan shi. A lokacin ban ɗauki hakan laifi ba. Na karanta teku a littattafai sun fi talatin, na san launinsa da safe, na san launinsa da yamma, na san yadda matafiya ke tsayawa a bakinsa su ji ƙirjinsu ya buɗe. Abin da ya rage mini kawai shi ne in je in tsaya a wurin, don in wani ya tambaye ni in ce na je.

Aikina gyaran rubutu ne a wata mujalla mai fitowa wata-wata. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman bene, ƙasa kuwa maɗaba'a ce, duk lokacin da aka tayar da inji sai ruwan da ke cikin kofina ya kama rawa. Teburina na bakin taga, kusa da wata fanka da ba ta tashi sai an tura ta da rula. Shekara biyu ina zaune a nan ina sa wa rubutun wasu waƙafi da aya. Sunana ma ya ɓace a ofishin, kowa Jan Biro yake ce mini, tun daga Edita har mai inji.

Edita dogon mutum ne mai yawo da tabarau a goshi yana nemansa a aljihu. Ba ya yabo da baki. In rubutu ya burge shi sai ya ƙwanƙwasa takardar sau biyu da yatsa, shi ke nan. Na ba shi labarai huɗu nawa a shekara biyun nan, duk ya karanta, duk ya ce "ba laifi", amma yatsan nan bai taɓa sauka a kan takardata ba. Ba zan ɓoye ba, nakan kwanta ina jin ƙarar ƙwanƙwasawar a kunnena kamar yadda wasu 'yan mata ke jin muryar saurayi.

Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya ce za a buɗe sabon shafi, na labarin tafiya. A Asabar ta ƙarshen wata, a zauren laburare inda masu karanta mujallarmu ke taruwa, duk mai so zai karanta nasa na minti goma. Wanda ya riƙe zauren shi zai riƙe shafin, kuma kowane wata mujalla za ta tura shi wani gari.

"Ba na neman wanda ya iya rubutu kawai," in ji shi. "Ina neman wanda in ya fara karatu mai gyangyaɗi zai farka."

A ranar na fara rubuta teku. Shafi biyar. Na yi kuka a sakin layi na ƙarshe, inda rana ke nutsewa cikin ruwa kamar garwashi, ni kuma ina tsaye iska na kaɗa mayafina.

Da na gaya wa Baba ina son hutun kwana uku in je bakin teku, sai ya kara hannu a kunne, don kunnensa ya yi nauyi.

"Ina?"

"Teku, Baba."

"Me kika ajiye a can?"

"Rubutu zan yi."

"Nan babu tebur ne?" Ya juya ya dubi ƙanwata da ke guga a gefe. "To, ba ke kaɗai ba. Ku tafi da Auta."

Auta shekara huɗu na ba ta. Tana aiki a wani kemis a bakin titi, wuni take tana ƙirga ƙwayoyi a leda tana hira da masu ciwon kai. Ba ta taɓa gama littafi ba a rayuwarta. Littattafaina ma da su take tokare taga.

"Ni dai a saya mini lemun tsami saboda amai," ta ce. "Sauran kuma Yaya ta san shi."

Awa goma sha ɗaya muka yi a bas. Na zauna a bakin taga da littafin rubutuna a cinya, na toshe kunnuwana da waƙa, ina gyara jimlolin da na riga na rubuta. Auta ta yi amai sau biyu kafin hantsi, kafin azahar kuwa ta san rabin mutanen motar. Ina jin dariyarta tana ratsa waƙar da nake ji. Duk inda aka tsaya sai ta zaro waya ta rubuta wa Baba saƙo, tunda ba ya jin kira.

Muka isa ana ruwa. Kwana biyu ana ruwa.

Tekun da na gani ba shuɗi ba ne. Launin ƙasa ne, yana turo ledoji da warin takalmi zuwa gaɓa, yana warin kifi da man jirgi. Muka fake a wata rumfar kwano tare da wasu mutane masu gyaran taru. Na tsaya ina kallon ruwan ina jin kamar wanda aka yi wa alkawari aka saɓa. Ban ga fitowar rana ba, ban ga faɗuwarta ba. Da muka koma masauki na buɗe shafukana biyar, na karanta, na ga sun fi abin da na gani kyau nesa ba kusa ba. Sai na ƙara tsuntsu guda a sakin layi na uku, na rufe.

Ranar Laraba bayan mun dawo na manta makullin gida a aljihuna, Auta ta biyo ni ofis karɓa. Ta shigo da farar rigarta ta kemis tana haki saboda matakala. Edita na tsaye kusa da teburina yana duba wani shafi.

"Wannan ce 'yar rakiyar?" ya ce. "To, Malama, yaya teku?"

Na buɗe baki zan amsa. Ba ni ya tambaya ba.

"Teku? Yallaɓai, ruwan wankin tukunya ne, sai dai ba shi da ƙarshe," in ji Auta. "Ni ba girmansa ne ya ba ni tsoro ba, rashin hutunsa ne. Na tsaya ina jira ya ɗan tsaya ko na minti ɗaya, ya ƙi. Na ce wa wani tsoho mai gyaran taru, Baba, shi wannan ba ya barci ne? Ya ce 'yata, shekara hamsin ina gadinsa, ban taɓa kama shi yana gyangyaɗi ba."

Sakatariya ta daina buga kwamfuta. Edita ya sauko da tabaransa daga goshi.

"Sai me?"

"Sai wata mata a motarmu mai keken ɗinki. A cinya ta riƙe shi tun daga nan har can, ta naɗe shi da bargo. Yaron mota ya ce a sa a but, ta ce shi a fara sa shi a but ɗin. 'Yarta za ta kai wa, wai ta koyi ɗinki ba ta da keke. Da muka isa tasha kowa ya watse, ita ba wanda ya zo. Ta zauna a benci, ruwa na dukanta, ta cire mayafinta ta rufe keken, ta bar kanta a buɗe. Na ce Mama ki kira ta mana. Ta ce ai na kira, tana hanya. Amma Yallaɓai, wayarta ta mutu tun tsakar rana, a tawa ta duba lokaci."

"'Yar ta zo?"

"Ban sani ba. Yaya ta ce mu tafi kada ɗaki ya ƙare."

Duk suka juyo suka dube ni. Na sunkuyar da kai ina laluben makullin a aljihu.

Edita ya tambaye ta ko ta rubuta wani abu. Ta yi dariya ta ce ita ina ta ga rubutu, saƙonnin Baba ne kawai. Ya ce ta nuna masa. Ya karɓi wayar, ya karanta biyu ko uku, yana tsaye, leɓensa na motsi. Sannan, a gabana, a kan teburina, ya ƙwanƙwasa gilashin wayar Auta da yatsa. Sau biyu.

"Tura wa yayarki duka," ya ce. "Jan Biro, ki haɗa mata su wuri ɗaya, ki gyara mata rubutun kalmomi da waƙafi. Ita ma za ta karanta ranar Asabar."

"Ni?" in ji Auta. "Yallaɓai, ni fa makulli na zo karɓa."

"Ki tafi da shi, ki dawo ranar Asabar."

Ranar Alhamis da rana, inji na ruri a ƙasa, na buga saƙonnin a takarda na shimfiɗa a gabana. Shafi uku da rabi. Babu babban baƙi ko ɗaya, babu aya, rabin kalmomin a manne da juna. Na karanta daga farko zuwa ƙarshe da niyyar in yi dariya. Na yi dariyar kuwa, a inda take son a yi. A wurin matar keke sai da na juya fuskata wajen taga.

Akwai direban da ke gaida kowane rami kafin ya faɗa ciki. Akwai yarinyar da ta yi barci a kafaɗar wani soja, shi kuma ya yi awa biyu bai motsa hannu ba. Ni ma ina cikin motar nan. Duk wannan ya faru a tsakanin kujerata da ƙofa. Na karanta littattafai ɗari, na kwana ina haddace yadda manya ke buɗe labari da yadda suke rufewa, ita kuwa wannan yarinyar da ke rubuta "lafiya" da harufa uku ta zo ta ɗauke abin da hannu ɗaya, tana riƙe da ledar amai a ɗayan.

Na cire murfin jan birona.

Ban yage takardar ba, ban ɓoye ta ba. Abin da na yi ya fi haka muni, kuma na san abin da nake yi a kowane layi. Na ƙawata ta. Ruwan wankin tukunya ya koma "shimfiɗaɗɗen madubi mai launin ƙasa wanda ke amsa kukan sararin samaniya". Tsohon mai taru na rufe masa baki, na mai da shi "wani dattijo da shekaru suka zana tarihinsu a goshinsa". Matar keke ta zama "alamar ƙaunar uwa wadda ba ta gajiya", na cire bargon, na cire wayar da ta mutu. Direba ya daina gaisuwa. Na san numfashin Auta, na san in jimla ta wuce layi biyu sai ta sarƙe, don haka na ɗinke jimlolinta uku-uku na mai da su ɗaya. Da na gama, takardar ta yi kama da tawa, sai dai tawa ta fi ta.

Na gaya wa kaina taimakonta na yi. Har na kusa yarda.

Da yamma na miƙa mata a falo. Tana zaune a ƙasa tana cire ƙwallayen gashi daga matajinta. Ta karanta shafin farko a hankali, ta ɗaga kai.

"Yaya, ni na faɗi wannan?"

"Haka ake rubutu. Magana daban, rubutu daban."

"Ina tsohon nan mai gadin teku?"

"Yana nan. Sakin layi na biyu."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Me ta ce?" in ji Baba daga kujerarsa.

"Cewa na yi Yaya ta gyara mini, Baba," ta faɗa da ƙarfi.

"Madalla. Ai amfanin babba ke nan."

Auta ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun farar rigarta. "To," ta ce.

Zauren laburaren yana cin mutum kamar saba'in. Ranar Asabar ya cika, har wasu na tsaye a jikin kantocin littattafai. Kujerun roba ne, da makirfo mai kuka in an matso shi. Malaman makaranta, ɗalibai, wasu mata uku da ba sa fashin zuwa, da tsofaffin da ke zama a gaba saboda fanka. Edita na gefe da takarda a gwiwa. Mu biyar ne masu karatu, ni ce ta uku, Auta ta ƙarshe.

Na karanta da dukan zuciyata. Muryata ta yi rawa a inda na shirya ta yi rawa. Da na kai wurin faɗuwar rana na ga wata ɗaliba ta dafa ƙirji, na ji kamar in tashi sama. Aka tafa, tafi mai kyau. Na saci kallon Edita, yana rubuta wani abu.

Sai wani tsoho a layin gaba ya ɗaga sandarsa maimakon hannu.

"'Yata, wane gari kika ce?"

Na faɗa masa.

"Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin lodi a tashar jirgin ruwan garin nan," ya ce. "Rubutunki ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Amma a can rana daga cikin ruwa take fitowa. Faɗuwa kuwa ta bayan gari take yi, ta kan rumbunan siminti. Ko dai an juya garin bayan na bar shi?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta shige ni har ƙashi.

"Wataƙila na rikice ne, Baba," na ce.

"Yakan faru," ya ce, ya sauke sandar.

Na koma kujerata kunnuwana na ƙara. Mai karatu na huɗu ya zo ya wuce ban ji kalma ɗaya ba. Abu ɗaya nake riƙe da shi a raina: tuntuɓe na yi, amma wadda ke bayana faɗuwa za ta yi. Da wannan na lallashi kaina. Ina rubuta shi a nan don haka ya faru.

Auta ta hau. Ta buɗe takardar, ta matso da makirfo ya yi kuka, ta ce masa "yi haƙuri", aka yi dariya, zauren ya gyara zama. Suna son ta tun kafin ta fara. Sai ta fara.

A "shimfiɗaɗɗen" ta tsaya sau biyu. A tsakiyar jimla ta uku numfashinta ya ƙare, ta koma farko. Ta karanta kamar mai taka ƙaya, kalma ɗaya bayan ɗaya, idonta bai bar takardar ba. Kujeru suka fara ƙara. Ɗaya daga cikin matan nan uku ta zaro waya. Tsohon mai sanda ya rufe ido. Edita ya daina rubutu, ya ɗaga kai yana kallonta da mamaki, kamar wanda ya sayi abu a kasuwa ya zo gida ya buɗe ya ga wani daban.

Minti goman nan sun fi awa goma sha ɗayan bas tsawo. Na zaci zan ji daɗi. Na ji, ɗan kaɗan, kamar sukari a kan haƙori mai ciwo.

Ta kai ƙarshe. Aka yi tafin tausayi. Ba ta sauka ba, ta sake matso da makirfon.

"Ni ba marubuciya ba ce, a kemis nake aiki," ta ce. "Saƙonni ne na rubuta wa babanmu. Yayata ce ta zauna ta gyara mini shi tun daga farko har ƙarshe, ga ta can. Duk kalmar da kuka ji mai nauyi, tata ce. Na gode, Yaya."

Aka sake tafawa, wannan karon ni ake tafa wa. Mutane suka juyo suna murmushi, wata ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya bar zumunci. Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Ya mai da tabaransa goshi yana kallona.

Muka fito ni da Auta rana ta yi sanyi. Muka bi gefen titi, ta gaban masu gyaran waya da mai faci. Sai da muka wuce gidan mai na kasa haƙuri.

"Me ya sa kika faɗi haka?"

"Godiya na yi. Laifi ne?"

"Kin san abin da nake nufi."

Ta tsaya ta cire takalminta ɗaya ta kakkaɓe tsakuwa. "Tun ranar Alhamis na gane, Yaya. Ina ƙirga ƙwaya, ba na karanta littafi, amma ba jaka ba ce ni. Kin kashe tsohon nan da gangan."

"To me ya hana ki karanta naki? Yana cikin wayarki."

"Na yi tunanin haka. Har na buɗe wayar a banɗaki kafin a kira ni." Ta mai da takalmin. "Sai na tuna ke kike son abin nan tun ina firamare. Kina karanta mini labari ina barci, kina tashe ni ki ce in saurara. Na ce bari in karanta yadda kike so, ki samu."

Na miƙa hannu zan kama nata, ta janye.

"Tsaya, ban gama ba. Da na hau can na ga mutane saba'in suna kallona kamar wadda ba ta iya karatu ba, sai na ji ba zan ɗauki kunyar nan ni kaɗai ba. Shafin na bar miki. Kunyar kuwa mu raba."

"Auta..."

"Kuma ko da kin tambaye ni, da na gaya miki rana ba ta faɗuwa a ruwan nan. Mai taru ya nuna mini da hannu. Kina tsaye kusa da mu, kina kallon littafinki."

Ta wuce gaba. Na bi ta a baya har gida, kamar ni ce ƙanwar.

Ranar Litinin Edita ya kira ni ɗakinsa. Bai ce in zauna ba.

"Kawo mini na asalin."

"Yallaɓai, ai na..."

"Wanda ta turo miki. Yadda yake."

Na koma teburina na buɗe aljihun tebur. Takardun na nan, shafi uku da rabi, jan biro ya cinye su kamar an yanka kaza a kai. Da hannuna na kai masa. Ya karanta baƙin rubutun da ke ƙarƙashin jan, a hankali, ina tsaye. Ya yi dariya a wurin direba. Ya ajiye.

"Kin fi ta iya jimla sau goma," ya ce. "Kin sani, na sani. Bari in tambaye ki abu ɗaya. Matar nan mai keke, wane irin kaya ta sa?"

Na nemi matar a ƙwaƙwalwata, ban ga ko launin zaninta ba.

"A ina ta zauna?"

"A layinmu."

"Kujera nawa tsakaninku?"

"Ɗaya," na ce. "Auta ce a tsakani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shafin na Auta ne in tana so. Ya ce wannan labarin zai fita a wata mai zuwa yadda ta rubuta shi, ni kuma in gyara abin da ya ce in gyara tun farko, ba ƙari. Bai yi mini faɗa ba. Na so a ce ya yi.

"Ni fa, Yallaɓai?" Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Ke kina nan. Teburinki na nan." Ya fara neman tabaransa a aljihu. "In kin sake tafiya, kawo mini in gani."

A gida na yi fatan Auta za ta ce ba ta so. Tana da aikinta, ba ta son mota, ita ce ma ta ce ta bar mini. Na zauna a bakin gado ina ninke kaya ina jira.

"Zan karɓa," ta ce, ba ta dube ni ba. "Mai kemis ya ce zai riƙa ba ni kwana uku a wata."

"Ai kin ce kin bar mini."

"Na bar miki ranar Asabar. Ba ki ɗauka ba."

"Ban ce ki ƙi ba."

"Bakinki bai ce ba." Ta jawo jakar da na saya don tafiye-tafiyena, ta juya ta, ta gwada zif ɗin. "Wannan za ki ara mini?"

Na ara mata.

Bayan wata biyu ta tafi wani gari a kan duwatsu, ta kwana biyu, ta dawo da mura da shafi huɗu. Suka iso teburina ranar da za a buga mujalla, da rubutun Edita a sama: waƙafi da aya kawai. Na karanta sau ɗaya a matsayin mai gyara. Na sake karantawa a matsayin yayarta. A shafi na uku akwai wata jimla a kan wata mata mai sayar da barguna da ta ƙi sayar wa Auta bargo, ta ce wanda ke tafiya gobe aro ake ba shi. Gajeriyar jimla ce, kalma goma sha biyu, babu ko ɗaya da ɗan aji uku bai sani ba. Na karanta ta sau huɗu ina neman inda zan sa biro. Na so a ce ni na rubuta ta.

"Jan Biro!" mai inji ya ƙwala daga ƙasa. "Shafinki kaɗai muke jira!"

Na sa aya talatin da ɗaya, na raba kalmomin da suka manne, na mai da "lfy" lafiya. Na sa hannu a ƙasa. Na sauka da takardun da kaina.

Mai inji ya goge hannunsa a tsumma ya karɓa. Maimakon ya wuce da su ciki, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana karantawa, inji na jiransa, ma'aikata na jiransa. Na tsaya a matakala ta ƙarshe ina kallon fuskarsa, ina ƙirga dariyar da yake yi.

Sau biyar.

"Ƙanwarki ce ko?" ya ce, bai ɗaga kai ba.

"Ƙanwata ce," na ce.